Takalma Dubu Arba'in, Duk Ƙafar Hagu

Shekara talatin Bahago ya yi yana ɗinka takalmi, amma bai taɓa ɗinka wanda mutum zai zura ya fita da shi ba. Ba rashin iyawa ba ne. A masana'antar da yake aiki ƙafar hagu kaɗai ake yi. Ƙafar dama tana can wata ƙasa a ƙetaren teku, a hannun mutanen da ba wanda ya taɓa sa su a ido. In an gama, a loda na hagu a kwantena, a loda na dama a wata kwantenar, su haɗu a ƙasa ta uku. Can ne ake zuba su a kwali ɗaya a manna musu farashi.

Dalilin kamfanin ba ɓoyayye ba ne, don har a takarda an rubuta shi. Masu kamfanin sun ɗauko masana, aka zauna aka yi dogon nazari, aka gano cewa talaka zai iya sace takalmi amma ba zai saci ƙafa ɗaya ba. Sai da aka yi hayar masu digiri kafin a gano wannan. Dabarar kuwa ta ci, don tun da aka kafa masana'antar ba a taɓa kama kowa da takalmi a cikin riga ba. Maigadi ma ya daɗe da daina laluben mutane a bakin ƙofa, sai dai ya ɗaga musu hannu su wuce.

'Yan unguwa ne suka laƙaba masa Bahago, alhali da dama yake ci, da dama yake rubutu. Da farko yakan ɓata rai. Daga baya ya saba, har ta kai in an kira shi da sunansa na gaskiya sai ya waiwaya ya ga ko da wani ake.

Mahaifinsa mai yin takalmi ne a wata 'yar rumfa a bakin titi, irin waɗanda za su sa ka taka kwali su zana ƙafarka da fensir, bayan kwana huɗu ka dawo ka karɓi naka, hagu da dama. Da takalman waje suka cika kasuwa, tsohon ya koma gyara, daga gyara ya koma gogewa, daga nan ya koma zama. Ranar da Bahago ya zo masa da albishir cewa ya samu aiki a sabuwar masana'anta, tsohon ya saurari bayanin har ƙarshe, sannan ya ce, "To, Allah ya sa albarka. In ka yi ladabi ƙila wata rana su yarda ka ga ɗayar."

Bahago ya fara daga teburin gam, inda wari ke sa mutum ya koma gida yana tangaɗi. Ya wuce wajen yankan fata, sannan aka ba shi keke mai lamba goma sha huɗu, kusa da taga, inda ake ɗinkin dunduniya. A kan keken nan ya yi aure, ya samu 'ya'ya huɗu, ya yi furfura. Uku sun kama gabansu, saura Auta da ke jami'a. Hannunsa ya san aikin har ba ya bukatar ido. Yana iya ɗinki yana kallon tantabaru a rufin sito.

Abu ɗaya da maiɗakinsa ta kasa raba shi da shi, shi ne zancen abokinsa na dama. Bahago ya yi imani cewa a can ƙasar akwai wani mutum a kan keke mai lamba goma sha huɗu yana ɗinka dunduniyar dama, kuma duk takalmin da ya fita daga hannunsa akwai ɗan'uwansa da ke fita daga hannun mutumin. Bai san sunansa ba, bai san yarensu ba, amma ya yanke wa kansa cewa mutumin yana da ciwon baya da 'ya'ya mata. In zazzaɓi ya kwantar da Bahago kwana biyu, ba abin da ke damunsa kamar tunanin abokinsa ya wuce shi da ƙafa ɗari shida.

"Wannan abokin naka," maiɗakin takan ce tana miƙa masa magani, "ka kwanta asibiti bai zo ba, ka aurar da 'ya bai zo ba. In kun yi waya ka ce ina gaishe shi."

"Ke ba za ki gane ba."

"Ai na daɗe da sanin ba zan gane ba. Shanye maganin."

Rigimar ta faro ne daga kujeru. Wata safiya babban ofis ya turo wani ɗan gaye mai kwat da agogon auna daƙiƙa. Kwana uku yana tsayawa a bayan mutane yana danna agogo, ba sannu ba yaya aiki. Bayan wata guda takarda ta zo, wai bincike ya tabbatar mai aiki a tsaye ya fi na zaune sauri da daƙiƙa huɗu a kowane takalmi. Ranar Litinin ma'aikata ɗari uku suka shigo suka tarar an ƙara wa kekuna tsawon ƙafa, kujerun kuwa an jibge su a wani ɗaki an danna kwaɗo.

Manaja ɗan gari ne kamarsu, bambancin kawai ofishinsa yana da sanyi. Ya ce shi ma daga sama aka ce. Aka tambaye shi wane ne a saman, ya ce wanda ke sama da shi, shi ma daga sama aka ce masa. Wannan ita ce babbar ni'imar kamfanin da ya game duniya: ba ka da wanda za ka ci wa kwala, duk wanda ka kama ɗan aike ne.

Awa tara a tsaye ba wasa ba ne ga wanda ya haura hamsin. Ƙafafun Bahago suka kumbura har silifas ya daina shiga. Inna Mai Gam, wadda ta riga kowa shiga masana'antar, ta kife bokiti ta zauna a kai, aka ba ta takardar gargaɗi, aka kuma kwashe bokitan. Dogo mai yankan fata, aminin Bahago tun suna samari, ya ce shi ko a mafarki yanzu a tsaye yake ganin kansa.

Ana cikin wannan hali Auta ta zo hutun ƙarshen mako. Kimiyyar siyasa take karantawa, tana shekarar ƙarshe, kuma tana da ɗabi'ar yin bita da ƙarfi tana kai-komo a tsakar gida. Bahago na zaune ya tsoma ƙafafu a ruwan ɗumi, sai ya ji ta ce, "Masana sun rabu biyu a kan dunƙulewar duniya. Kashi na farko suka ce duniya ta zama masana'anta ɗaya, kowa ya dogara da kowa, in ɗaya ya tsaya sauran ma sun tsaya, saboda haka ba wanda ya isa ya wulaƙanta wani."

"Dakata," in ji Bahago. "Maimaita."

Ta maimaita.

"Masana ne suka faɗa? Masu digiri?"

"Manyan farfesoshi, Baba. Amma kashi na biyu kuma suka ce..."

"Bar kashi na biyu. Wannan ya ishe ni."

Ya zare ƙafafunsa daga ruwa ya fita, ko gogewa bai yi ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan ƙafa ɗaya ta takalmi, ba abin mamaki ba ne ya ɗauki ƙafa ɗaya ta darasi ya ga ta wadatar. Auta ta bi shi da kallo, ta ce, "Mama, bai fa ji sauran ba."

"Shekara ashirin da takwas nake fama da wannan, 'yar nan," in ji uwar, ta ɗauke kwanon ruwan.

Ranar Litinin, lokacin hutun cin abinci, Bahago ya hau tebur. Mutumin da ko a taron dangi ba ya magana sai an ce da shi.

"'Yan'uwa, samfurin bana, mai ratsin ruwan ɗorawa, nawa ne a sito?"

Mai sito ya ce dubu arba'in, jibi za a loda.

"To a can ƙasar akwai dubu arba'in na dama suna jiransu. In namu bai fita ba, nasu shara ne. Ku gaya min, wa zai sayi ƙafar dama kaɗai? Da wannan dabarar suka hana mu sata, da ita za mu karɓo kujerunmu. Ba ni na faɗa ba, farfesoshi ne suka faɗa."

Maganar ta zauna wa kowa, don gaskiya ba inda za ka kama ta ka ce ga kuskure. Kafin a kaɗa ƙararrawar komawa aiki an kashe kekuna, an sayo sabon kwaɗo an rufe sito, an rataya wa Bahago mukullin a wuya da igiyar takalmi. Aikin mutum ɗari uku ya koma kan wannan igiya da kuma maganarsa.

Makon farko ya yi daɗi. Aka kafa rumfa da buhuna a bakin ƙofa, ana dafa shayi, ana raha. Kullum da safe Bahago ya zagaya ya ja kwaɗon sito sau biyu. Yana yawan tunanin abokinsa na dama, ya hango shi a ransa zaune gaban tulin takalma yana hutawa, yana sa wa mutumin hagu albarka. Har ya ce wa maiɗakinsa, "Yanzu haka ya samu ya miƙe bayansa."

A mako na biyu wata ƙungiya ta masu adawa da dunƙulewar duniya ta iso a doguwar mota, da kwalaye da kyamara. Shugabarsu ta ce Bahago jarumi ne, muryar waɗanda ba su da murya. Bai ji rabin abin da take faɗa ba, don idonsa na ƙasa. Takalmin kamfanin ne a ƙafarta, samfurin shekara uku da suka wuce, kuma ta kula da shi da kyau har ya so ya yaba mata. Da aka kunna kyamara aka ce ya faɗa wa duniya abin da ya sa yake ƙin dunƙulewarta, sai ya ce, "Ni? Wa ya ce ina ƙi? Ai da ita na dogara. In ba don duniya ta dunƙule ba, wa zai damu da ƙafar hagu?" Aka kashe kyamara. Suka tafi suka bar musu kwalayen, waɗanda suka yi amfani sosai wajen tare rana.

Kamfani kuwa bai ce uffan ba. Ba barazana, ba 'yan sanda, ba tayin sulhu. Da an turo 'yan sanda ma da sun ji sanyi, ko ba komai mutum ya san ana yi da shi. Kullum Manaja ya fito ya ce ya tura saƙo sama, ana dubawa. Bahago ya fassara shirun da cewa cikinsu ne ya ɗuri ruwa, suna can suna taron gaggawa ba ji ba gani.

A cikin wata na biyu, wata Talata, Manaja ya fito ba kwat, fuska a yamutse. Ya ce tun safe kwamfutarsa ta ƙi karɓar lambar sirrinsa. Da ya buga lambar da yake bugawa kullum, wata muryar na'ura ce ta ɗauka ta yi masa godiya bisa shekarun da ya yi yana hidima. Ya zaro mukulli ya miƙa wa Bahago.

"Na ɗakin kujeru ne. Ku ɗauka. Ni ma ku ba ni ɗaya."

Wuri ya kaure da tafi. Aka ɗaga Bahago sama har sai da ya ce a sauke shi kansa na juyawa. Aka fito da kujeru aka jera a bakin ƙofa, kowa ya nemo tasa, don kowa ya san tasa: wannan da tsumma a ƙafa, waccan da suna a baya. Inna Mai Gam ta zauna ta lumshe ido ta ce ko yanzu ta faɗi ta mutu ta ci riba. Dogo ne kaɗai ya sunkuyo ya raɗa wa Bahago, "Kujeru sun dawo. Aikin fa?"

"Yana tafe. Da ƙarami ake farawa."

Bai taho ba. A gida tukunya ta ƙanƙance, fanka ta bar ɗaki, rediyo ya bi bayanta. Maiɗakin ta fara karɓar wankin maƙwabta, kuma ta daina tsokanarsa da zancen abokinsa, abin da ya fi masa gori ciwo. A bakin ƙofa kujeru suka fara zama ba masu su. Wannan ya tafi dako, wancan ya karɓi babur, waccan ta koma wajen 'yarta. Daga ɗari uku aka dawo rabi.

Wata rana Dogo ya ja shi gefe. Surukinsa ya samo masa aikin gadi a wani sito can ƙarshen gari, ana so ya fara ranar Litinin, in bai zo ba ga mutum goma a layi. Dogo 'ya'yansa shida, ƙaramar ko makaranta ba ta shiga ba.

"Ka gaya min gaskiya, Bahago, tsakaninka da Allah. Za su dawo?"

Abin da ya kamata ya ce shi ne bai sani ba. Amma mutum ɗari da hamsin na kallon bakinsa, kuma ya san in Dogo ya tafi yau, gobe talatin za su bi shi. Ya taɓa mukullin da ke wuyansa.

"Ina za su je? Ƙafa ɗaya za su sayar? Ka yi min haƙurin mako biyu."

Dogo ya aika wa surukin cewa ya gode. Aka ba wani aikin. Mako biyu suka zama shida.

Auta ce ta fara gani. Tana zaune a ɗakin karatu, wani ɗan ajinsu, ɗan masu hali, ya miƙe ƙafafu a layin gaba. Ratsin ruwan ɗorawa, sabo fil, hagu da dama. Ranar ba ta rubuta ko layi ɗaya ba. Kwana uku tana riƙe da maganar, sannan ta zo gida ta faɗa wa uwarta. Uwar ta bari sai da ya gama shan shayin safe, sannan ta gaya masa, don ta san in ta riga ta faɗa ba zai sha ba.

"Jabu ne," in ji Bahago.

"To je ka gani," in ji maiɗakin.

"Mukulli yana wuyana. Ko ƙafa ɗaya ba ta fita daga siton nan ba."

"Shi ya sa na ce ka je ka gani."

Mota biyu suka hau shi da Auta kafin su kai wani babban kanti, mai matakalar da ke tafiya da kanta. Bahago bai taɓa shiga ba. Shagon takalman duk gilashi ne, ga sanyi ga kiɗa, kowane takalmi da fitilarsa a kansa. Daga bakin ƙofa ya hango ratsin ruwan ɗorawa, ya ƙara sauri, sai kuma ya ja ya tsaya, baki har kunne.

"Auta! Kin gani? Dama ce! Dama kaɗai, ba ɗayar! Me na gaya muku?"

Mai jiran shagon ta ƙaraso, ta dubi silifas ɗinsa, sannan ta dubi fuskarsa. "Ɗayar tana ciki, Baba. Ƙafa ɗaya muke ajiyewa a waje saboda ɓarayi."

Auta ta roƙe ta, ta shiga ta fito da kwali ta buɗe. Suna kwance su biyu a cikin farar takarda, kai da ƙafa. Bahago ya ɗauki ta hagu. Ya shinshina, ya lanƙwasa, ya danna tafin da babban yatsa. Fatar ta gaske ce, gam ɗin na kamfani ne, warinsa ba zai ɓace masa ba ko a kabari. Ba jabu ba ne. Sai ya zura yatsa cikin dunduniya, ya bi layin ɗinkin a hankali.

Mai ɗinkin dunduniya yana da inda yake ƙare zare. Ana farawa daga gefen waje, a zagayo a ƙare a gefen ciki, wanda ke kallon ɗayar ƙafar, a koma baya sau uku a yanke, don kada ƙullin ya goge wa mutum idon sawu. Mai hagu ta nan yake zagayawa, mai dama ta can. A wannan takalmin ƙullin yana gefen waje. Wanda ya ɗinka shi gwani ne, layin ya miƙe, tazarar allura daidai take, amma hannunsa ya saba zagayawa ta ɗaya ɓangaren. Hannun mai ɗinkin dama ne, an sa shi yin hagu.

Haushi ne ya fara zo masa, irin na wanda amini ya ci amanarsa. Sai kunya ta biyo baya, don mutumin bai taɓa yi masa alkawarin komai ba, bai ma san yana duniya ba. Daga ƙarshe tausayi ya danne su duka. Wanda yake cewa ya samu ya miƙe bayansa, ashe tun watanni aka ɗora masa ƙafa biyu, kuma tabbas a tsaye yake yin su.

A gefensu wani mai saye yana gwada irin takalmin a gaban madubi. Bahago ya kasa haƙuri.

"Ɗan'uwa, don Allah taɓa nan. Ka ji ƙullin? A waje yake. Ba nan ne wurinsa ba, zai goge ka."

Mutumin ya zura yatsa don ladabi, ya ɗaga kafaɗa. "Ai da safa nake sawa, Baba." Ya ce a zuba masa tsohon takalminsa a leda, ya fita da sabon a ƙafa.

Bahago ya bi shi da ido har ya ɓace. Sannan ya juyo ga mai jiran shagon. "'Yata, akwai waɗanda suka zo bayan waɗannan?"

"Jiya aka sauke wasu."

"Kawo min ɗaya in gani. Ta hagu."

Ta ja tsaki a ciki-ciki, amma ta kawo. Ya zura yatsa. Ƙullin yana gefen ciki, an koma baya sau uku, an yanke zaren tsaf. Sai 'yar karkata kaɗan a inda allura ke juyawa, wadda in ba shi ba ba mai ji. Ya daɗe yana shafa wurin.

"Yana koyo," ya ce, ba da kowa yake ba.

A mota Auta ta buɗe baki, don ɗan makaranta in ya rasa abin yi sai ya kawo karatu. "Baba, malaminmu ya ce irin wannan shi ne..."

"Bar malaminku ya huta, Auta."

Sai hawaye suka zubo mata. "Ni na jawo. Da ban yi bitar nan a gabanka ba."

"Ke karatu kika yi. Ni na hau tebur."

Ya ce ta wuce gida, shi ya sauka a kwanar masana'anta. Rana ta yi sanyi, mutum kusan ɗari na zaune a bakin ƙofa, Manaja a cikinsu yana fifita da kwali. Labarin inda ya tafi ya riga shi zuwa, don yana ƙarasowa hira ta ɗauke. Wani ya tura masa kujerarsa, bai zauna ba. Ya cire igiyar daga wuyansa ya ajiye mukullin a kan teburin shayi.

"Na je na gani," ya ce. "Mai ratsin ruwan ɗorawa yana shago, hagu da dama. Mutanen can aka sa suna yin duka biyun. Ba mai jiran namu. Ni na ce ku tsaya, kuma ban faɗi daidai ba. Kowa ya je ya nemi abin yi."

Ba wanda ya zage shi. Da an zage shi da ya fi masa sauƙi. Dogo ya sunkuyar da kai yana kallon tafin hannunsa. Can sai Inna Mai Gam ta gyara zama.

"Bahago, kai ka riƙe shi a hannunka. Aikin nasu fa? Ya kai namu?"

Duk suka ɗago. Ya ga abin da suke so a idonsu. In aiki ya tafi, a bar musu wannan su tafi da shi gida, su ce wa 'ya'yansu an kore mu amma ba a samu kamarmu ba. Kalma ɗaya ce, kuma ba wanda zai je ya bincika. Amma ya riga ya faɗa wa Dogo irinta, ya kuma ga abin da ta ci.

"Na farko bai kai ba, Inna," ya ce. "Na jiya ya kusa. Nan da wata ɗaya ko ni ba zan gane ba."

Dogo ne ya fara miƙewa. Ya wuce ta gaban Bahago har kafaɗunsu suka kusa gogar juna, ya kama hanya bai waiwayo ba.